Koren Reshen Gidan Carter

Kirkscar, Lancashire
9 ga Satumba, 1863

Zuwa ga ƙanena Absalom Carter, a Grahamstown,

Gaisuwa mai yawa, da fatan alheri wanda ya fi raƙuman ruwan da ke tsakaninmu yawa. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Keziah da 'yarku Dorcas. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙafata ta hagu da ke yi mini ƙorafi duk ran da iska ta juyo daga teku. Yayana Reuben yana gaishe ka, haka ma matarsa Tabitha.

Wasiƙarka ta iso da labarin rasuwar mahaifinka Elijah. Ubangiji ya ba shi hutu, ku kuma ya ba ku haƙuri. Kakanka da kakana ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko da ban taɓa ganin fuskarka ba, ranar na kaɗa masa ƙararrawar cocinmu kamar yadda nake kaɗa wa ɗan gari. Ka tambaye ni abu biyu: asalin sunan da muke ɗauke da shi, da kuma ma'anar doguwar sandar nan mai ƙarfe a gindi, wadda ya roƙe ka a gadon mutuwa ka mayar da ita gida.

To, saurara. A zamanin da, mutanen ƙasar nan suna guda kowa ke da shi. Da aka yi yawa har Yohanna ya rasa bambanci da Yohanna, sai aka koma kiran kowa da abin da hannunsa ke yi: wannan maƙeri, wancan masaƙi, wancan kuma mai amalanke. Carter ke nan, mutumin da ke ɗora kayan mutane a amalanke ya kai musu inda suke so. Sana'a ta zama laƙabi, laƙabi ya zama gado. Da na karanta cewa kai ma amalanken shanu kake korawa a can, na yi dariya har Tabitha ta leƙo ta ga ko lafiya.

Amma namu gidan yana da ƙari a kan haka. Tsakanin Kirkscar da Overwath akwai yashin da teku ke rufewa ya buɗe sau biyu kowace rana, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, kogin Wenner kuma yana ratsa shi yana murɗawa kamar macijin da ya rasa makwanci. Kafin a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, duk mai son ƙetarewa ta nan yake bi, kuma amalanken kakanninmu ne ke shiga gaba, sauran su biyo sawu. Da irin sandar da ke hannunka suke caka yashi su ji inda yake da ƙashi da inda yake haɗiye doki da mahayinsa. In sun sami hanya sai su dasa rassan wani itace da ake kira lorel a jere, domin ganyensa ba ya saurin bushewa, ana hango korensa daga nesa ko cikin hazo. Kuma ka san wani abu? Ba mai taɓa waɗannan rassa sai ɗan gidan Carter. Mutanen nan sun gwammace su sa hannu a wuta. Suna cewa wanda ya taɓa reshe ba da hakki ba, teku zai biyo shi har gado.

Yanzu Reuben ne ke riƙe da wannan aiki, kuma ba shi da ɗa. Ni da aka haife ni da gajeriyar ƙafa, mahaifinmu ya ba shi yashi, ni ya ba ni ƙararrawa da gyaran agogo. Masu ƙetarewa sun ragu ƙwarai, amma bai fasa fita ba.

Jiya da muna cin abinci na ce masa, "Yaya, me zan gaya wa ɗan'uwanmu game da yashi?"

Ya ce, "Ce masa yashi bai san sunan kowa ba." Ya ci gaba da shan romonsa.

Na ce wannan magana ta yi bushewa da yawa, ba a aika wa mai makoki ita. Tabitha ta ce, "Ai sai ka jiƙa ta, sarkin baiti. Kai da ko gishiri aka ce ka miƙo sai ka nemo masa amshi." To, na jiƙa ta ɗin. Ga dukan ilimin gidanmu a dunƙule:

Ya kai mai ƙetare yashi, ka riƙe wannan a zuciya,
Koren reshen gidan Carter ba ya yi wa baƙo ƙarya.
Sai ka hangi biyu a gabanka sannan ka ci gaba da tafiya,
Hannun da ya dasa shi ke tumɓukewa ran da kogi ya sake hanya.

In Allah ya nufe ka da zuwa, kada ka shigo garin kakanninka a cikin jirgin ƙasa, akwatin hayaƙin nan, kamar buhun gawayi. Ka sauka a Overwath, Reuben ya taro ka, ka shigo ta kan yashi kamar yadda ya dace da mai sunanka. Ni kuwa zan kasance a hasumiya, igiya a hannu.

Naka cikin zumunci,
Septimus Carter


Grahamstown
14 ga Disamba, 1863

Yaya Septimus,

Gaisuwa da girmamawa. Muna lafiya, sai dai zafi da ƙuda, shanuna biyu kuma sun mutu a hanyar dawowa daga bakin teku. Keziah tana gaishe ku. Allah ya sauƙaƙa wa ƙafarka.

Ni ba gwanin alƙalami ba ne, amma wasiƙarka ta sa na zauna a bayan amalanke ina ta maimaita ta har yaran aiki suka ɗauka zazzaɓi ne. Shekara ashirin ina kora shanu, ina tsammanin talauci ne ya zaɓa mini sana'a, ashe jini ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Dorcas ta haddace baitocinka kaf. Tana wanke kwanuka tana rerawa, har uwarta ta ce, "Ke, in ba ki rufe mana baki ba zan dasa ki a yashin da kaina." Layi na ƙarshe kuwa shi ya fi taɓa ni. Hannun da ya dasa shi ke tumɓukewa. Gaskiya ka faɗa, Yaya: Ubangijin da ya dasa mahaifina a duniya shi ya tumɓuke shi ran da kogin rayuwarsa ya sake hanya. Ban taɓa jin ta'aziyya mai daɗin wannan ba. Na sa an sassaƙa shi a dutsen kabarinsa.

Na yanke shawara. Zan kawo sandar da hannuna, ni da Dorcas, da zarar na kai ulun da na yi alkawari. Keziah za ta zauna ta kula da gida, ta ce ita da jirgin ruwa sai a lahira. Ban san ranar tashi ba tukuna, sai yadda jirgi ya samu.

Game da yashi, kada ka damu. Na ƙetare koguna da shanu goma sha shida ruwa na dukan cikin amalanke. A nan mashigi ɗaya ne tun zamanin kakanni, inda dutse yake a ƙasa nan yake, wanda ya bi alamar magabata ba ya nutsewa. Abin da layi na biyu na baitinka ya faɗa ke nan, ko ba haka ba? Ka ce wa Yaya Reuben kada ya wahalar da kansa ya fito tarona. Ya dasa, ni zan bi.

Ƙanenka,
Absalom


Kirkscar
11 ga Maris, 1864

Ƙanena Absalom,

Gaisuwa a gurguje. Ina roƙon Allah wannan takarda ta riske ka kafin ka taka jirgi. Mu nan ba lafiya.

Reuben ya faɗi. A farkon watan nan ya dasa sabuwar hanya ta bana, ya dawo, yana kwance wa goɗiyarsa Jinny linzami sai ya zube a bakin garke. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya tafi. Likita ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya tafi. Yanzu yana kwance ta taga, idonsa biyu a kan yashi, kamar mai jiran baƙon da ba ya so ya iso.

Bayan faɗuwarsa aka yi guguwar da ta yaye rufin garken maƙwabta. Da gari ya waye na hau hasumiya na duba. Kogin Wenner ya tashi daga inda yake kwance ya koma kudu, ya bar tsohuwar hanyarsa cike da yashi mai sheƙi kamar man shanu. Rassan Reuben kuwa suna nan tsaye, kore shar, domin da zurfi yake dasa su. Suna nan a jere, suna kiran mutum da fara'a, kuma tsakiyar layinsu ta bi ta kan wurin da ya ruɓe.

Absalom, ka yi wa baitina fassarar da ta fi shi kyau, amma ba ita ba ce. Ba Ubangiji nake nufi ba, ba kuma mahaifinka ba. Hannun Reuben nake nufi. Rabin aikin Carter dasawa ne, ɗaya rabin tumɓukewa. Kogin nan ba ya kwana inda ya yini, kuma reshen da ya faɗi gaskiya jiya yana iya zama maƙaryaci yau, alhali ganyensa bai canza launi ba. Abin da ke hana shi ƙarya shi ne akwai mai fita ya cire shi. Yanzu babu. A ƙasarku dutse ne a ƙarƙashin mashigi. A nan ba komai a ƙarƙashi sai ƙarin yashi.

Na je wurin Enoch maƙeri, ƙaton da ke ɗaga uwar maƙera shi kaɗai, na roƙe shi ya tara samari su fita su tuge su.

Ya ce, "Septimus, ka ce in riƙe maka jan ƙarfe da haƙori, zan gwada. Amma reshe? Ni Fell ne sunana. Ina da 'ya'ya."

Na ce, "Ashe ƙaton banza ne kai, ganye ke ba ka tsoro?"

Ya ce, "Ganyen gidanku ne. Kai ka je mana."

Da na koma gida na faɗi haka, Tabitha ta ajiye cokalin da take ba Reuben kunu da shi. Ta ce, "Kai? Da wace ƙafar? Kai da ko tsakar gida ka ratsa sai ka huta a tsakiya? Miji ɗaya na kwance ya ishe ni. In ka kusanci garken nan zan karya maka mai lafiyar." Tana faɗi tana hawaye. Gaskiyarta kuma: ban san yashi ba, daga sama kawai na san shi, kamar yadda tsuntsu ya san kasuwa.

Abin da na iya na yi. Na shiga jirgin ƙasa na zagaya zuwa Overwath na kafa allon gargaɗi a mashiga, na kuma aika takarda ofishin jiragen ruwa a Liverpool da sunanka. Ka janye abin da na ce game da akwatin hayaƙi. Ka zo a cikinsa, ka zo baƙi ƙirin da gawayi, zan rungume ka a haka.

Yayanka mai fargaba,
Septimus


Liverpool
Juma'a, 29 ga Afrilu, 1864

Yaya Septimus,

Gaisuwa daga ƙasar kakanni! Mun sauka lafiya shekaranjiya. Dorcas ta yi amai har muka wuce tsakiyar duniya, yanzu kuwa tana cin abincin mutum uku. Ina fata ku ma kuna lafiya. Ban sami amsar wasiƙata ta Disamba ba kafin mu taso a tsakiyar Maris, amma na san jirage, ban ɗauka da zafi ba. Jirgin ulu muka samu, na wani ɗan kasuwa, ko ofis ba shi da shi a nan.

Ga albishir. Na nemi jadawalin ruwa, an ce Litinin da safe teku zai janye sosai. A ranar za mu ƙetaro. Zan yi hayar amalanke da doki a can gefen, in ɗora Dorcas da akwatunanmu, sandar Baba a hannuna. Ba zan gaya maka inda za mu kwana ba, don na san halin manya, za ku tayar da Yaya Reuben ya zo ya riƙe mini hannu kamar yaro. Ina so ya ɗaga kai kawai ya ga Carter na tahowa.

A masaukinmu wani mai sayar da tikitin jirgin ƙasa ya ji ina zancen, ya ce, "Malam, yashin nan ya ci mutanen da suka fi ka gemu." Na ce masa, "Kai kuma jirginka ya ci aljihun da ya fi nawa nauyi." Aka yi ta dariya. Na san irinsu, tsoro suke sayarwa. Duk wanda ya tare ni da irin wannan magana, da baitinka zan amsa masa. Muddin na ga kore a tsaye, ba mai juya ni.

Ka shafa wa igiyar ƙararrawa mai.

Ƙanenka,
Absalom


Kirkscar
Lahadi da asuba

Ƙanena Absalom,

Gaisuwa, da fatan kai ne ke karanta wannan da idonka, a kan teburina, ƙafarka a bushe. Reuben yana nan yadda yake. Ni lafiyata ƙalau, har ƙafar ma yau ta yi shiru, kamar ta san ba ranar ƙorafi ba ce.

Wasiƙarka ta iso jiya da yamma bayan jirgin ƙarshe ya wuce, kuma yau Lahadi jirgi ba ya tafiya. Na tura Enoch a kan doki ya zagaya ta tudu ya tsaya maka a mashigar Overwath. Amma gaɓar can tana da faɗi, ban san ta inda za ka gangaro ba, kuma ko ya same ka, ka riga ka faɗa mini amsar da za ka ba shi. Da bakina za ka amsa masa. To, ba a jayayya da kore, sai dai a cire shi.

Na karanta wa Reuben wasiƙarka. Ya kama hannuna da hannunsa mai rai, ya matse har na ji ƙashi, sannan ya kai idonsa kan sandarsa da ke bayan ƙofa. Ban sani ba ko cewa yake in je, ko kada in je. Na zaɓi fassarar da ta fi mini wuya, tunda mai sauƙin ce ta kawo mu nan.

Tabitha ta tafi ɗebo madara. Zan ɗaura wa Jinny amalanke, in fara daga gefenmu ina tugewa ina lodawa, har inda ƙasa ta yarda ta ɗauke ni. Ba sai na kai gefenku ba. Ya isa in yanke layin, ka zo inda za ka duba gaba ka rasa na biyu. Ina roƙon Allah 'yarka ta riƙe layi na uku yadda ka riƙe na biyu.

Yau ƙararrawa ba za ta yi kira ba, limamin coci zai yi fushi. Ka ba shi haƙuri a madadina in na makara.

Wanda aka ba igiya yau ya ɗauki sanda,
Ba don ya iya ba, sai don babu wani bayansa.

Amshin bai zauna ba, na sani. Zan gyara in na dawo.

Yayanka,
Septimus Carter


Kirkscar
Alhamis, 5 ga Mayu, 1864

Keziah, matata,

Gaisuwa da ƙauna. Kafin komai ki kwantar da hankalinki: ina lafiya, Dorcas ma tana lafiya, tana nan kusa da ni tana taya Tabitha, matar Yaya Reuben, wanke masa jiki. Na haɗa miki da wasiƙun Yaya Septimus, da wadda ya bari a tebur, da kwafin ta Maris da na samu a aljihun teburinsa. Ainihinta na san tana hannunki yanzu, ta iso bayan tafiyarmu. Ki karanta su kafin ki ci gaba, ba zan iya maimaita abin da ke ciki ba.

Ran Litinin mun gangara ta bayan tsohon gidan da aka haifi Baba a gefen Overwath, ba ta babbar mashiga ba. Saboda haka ban ga allon ba, maƙerin da aka turo ma bai gan mu ba. Rassan suna nan kamar yadda aka faɗa, kore, a jere, yashi kuma da ƙarfi kamar daɓe. Ina tafe gaban doki ina waƙa. Ko sau ɗaya ban caka sandar Baba a ƙasa ba, a kafaɗa na saɓa ta kamar mai zuwa biki.

Da muka yi nisa har gaɓar baya ta zama zare, sai muka hangi reshe guda a gaba da wani jan ƙyalle ɗaure a kansa.

Na ce, "Kin gani? Tutar maraba suka kafa mana."

Dorcas ta miƙe tsaye a kan akwati ta kare ido da hannu. Ta ce, "Baba, ina na biyun?"

Na ce, "Yana bayansa mana. Zauna kada ki faɗo."

Ta ce, "Babu komai a bayansa. Biyu aka ce."

Na ce, "Ke, waƙa za ki koya mini ko tuƙi? Tun ba a haife ki ba nake ratsa ruwa."

Sai ta diro ta kama linzamin dokin da hannu biyu. Kin san 'yarki, halinki ta ɗauko. Ta ce, "To ka ratsa ta kaina." Don in kunyata ta kawai na sauke sandar na caka a gabana. Keziah, sandar nan ta fi ni tsawo. Ta shige kamar an soka ta a kunu, da ƙyar na riƙe kanta, yashin kuma ya yi rawa har ƙarƙashin takalmina. Yadda muka juya da amalanken ban sani ba. Mun koma, muka shiga jirgin ƙasa ina zagin Reuben a raina, ina cewa wane irin Carter ne ke dasa rabin hanya.

Da muka iso, garin shiru. A ƙofar gidan na ga amalanke maƙil da rassan lorel, ganyen na ɗigar da ruwa har yanzu, ba wanda ya sauke su. An ce goɗiyar ita kaɗai ta dawo da amalanken ran Lahadi, ruwa na bin ƙafarta. Tabitha ta fito ta dube ni, ta dubi sandar, ta ce, "Kai ne Absalom." Na ce ni ne. Ta ce, "Ka ga jan ƙyalle a hanya?" Na ce na gani. Ta ce, "Ni na saƙa masa shi, saboda sanyin hasumiya." Ta ɗora mana ruwan shayi.

Yaya Septimus ya tuge duk na gefensu, shi da gajeriyar ƙafarsa. Inda ƙasa ta fara laushi ya bar goɗiyar ya ci gaba da ƙafa, yana tugewa yana dawowa yana lodawa. Ya kai ga na ƙarshen, wanda ke tsakiyar ruɓaɓɓen wuri. Enoch ya ce mai yiwuwa ya kama shi ya ja, ƙafarsa ta riga reshen motsi. Da ya ga ba zai fita ba, sai ya kwance abin wuyansa ya ɗaura. Ba a ga gawarsa ba. Mutanen nan sun ce yashin yakan mayar, amma sai ya ga dama.

Ban taɓa ganin fuskarsa ba, Keziah. Agogunan da ke shagonsa duk sun tsaya, ba wanda ya san yadda ake tayar da su.

Jiya na zagaya zuwa Overwath na tuge duk rassan gefen can, ina caka sanda kafin kowane taku, kamar makaho. Saura ɗaya. Ana hangensa daga gaɓa biyu in ruwa ya janye, kore da ja, kuma shekaranjiya sai da aka yi ihu aka dawo da wasu baƙi biyu masu tallan kwanuka da suka nufe shi, suna tsammanin alamar hanya ce. Na roƙi Enoch mu shimfiɗa katako mu je tare. Ya ce zai ɗauko katakon, zai riƙe igiya a ƙuguna, zai ja har hannunsa ya tsage, amma reshen ba zai taɓa ba, kuma duk garin ba mai taɓawa. Na ce masa ni baƙo ne, ban san yashin nan ba. Ya ce, "Septimus ma bai san shi ba. Mene ne sunanka?"

Dorcas ta ce in na fita ba za ta ƙara kirana Baba ba. Reuben kuwa tun da na shigo gidan idonsa ya bar taga ya dawo kaina, duk inda na juya yana nan.

Na kawo sandar gida kamar yadda Baba ya roƙa, na jingine ta a bayan ƙofa inda ta Reuben take da, ina tsammanin na sauke nauyi. Layin da na sa aka sassaƙa a kabarinsa, ki bar shi yadda yake.

Gobe da hantsi ruwa zai janye. Zan ba Enoch wannan takarda ya kai gidan waya kafin mu gangara.

Mijinki,
Absalom Carter